Filin Tambaya da Amsa: Madannan akwatin gem ɗina sun ƙi ji

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, masu haɗa akwatin gem irin na da ɗin nan da hannunsu, mai sanda da manyan madannai, an gama aikin katako an yi fenti an ɗora sikirin, sai wayarin ɗin madannai ya zo ya tsaya musu a wuya. Na zaɓo wasu, na ɗan rage tsayin wasu saboda fili.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Na haɗa akwati na mutum biyu, kowa madanni shida, enkoda ɗina, wato ɗan bod ɗin da ke kai saƙon madannai ga kwamfuta, I-PAC 2 ne a jikin tsohuwar kwamfuta mai MAME, manhajar da ke kunna tsofaffin gem. Sandar ɗan wasa na ɗaya tana yi, madannai uku na sama suna yi, amma uku na ƙasa da duk ɓangaren ɗan wasa na biyu shiru kake ji. Na cire suwic ɗin na sa sababbi ba abin da ya canza. Abokina yace rabin bod ɗin ne ya ƙone in sayo wani. In saya?

AMSA: Kar ka sayi komai tukunna ƙanena. Bod in zai lalace baya bin layi haka ya kashe daga na huɗu har ƙarshe ya bar na farko, abin da ka kwatanta wayar giraun ce ta yanke a hanya, kuma har wurin da ta yanke kai ka faɗa min da bakinka, tsakanin madanni na uku da na huɗu.

Bari mu ɗan koma baya, don bayanin nan shi zai amsa rabin tambayoyin yau. Madannin nan mai kala da kake gani roba ce kawai da sifirin a ciki, aikinta ta tura ɗan suwic ɗin da ke maƙale a ƙarƙashinta. Shi kuma suwic ba abin da ya sani sai ya haɗa waya biyu in an danna, ya raba su in an saki. Waya ɗaya ta madannin ce shi kaɗai, tana tafiya nata gurbin a bod, 1SW1, 1SW2 haka haka. Ɗayar kuma giraun ce, wadda aka rubuta GND. I-PAC yana ajiye 'yar wuta a kowane gurbi, da zarar gurbin ya taɓa giraun wutar ta faɗi sai ya gaya wa kwamfuta an danna kaza. Shikenan fa, ba wani sihiri a ciki.

To tunda giraun ɗin ɗaya ce ga kowa, ba wanda zai zauna yana jan waya ashirin zuwa GND, guda ɗaya ake ja daga bod zuwa ƙafar da aka rubuta wa COM a jikin suwic na farko, daga nan ta tsallaka na biyu, na uku, har na ƙarshe. Kamar ayarin raƙuma ne da igiya ɗaya ta ɗaure, in ta tsinke a bayan na uku na gaba suyi gaba abinsu na baya duk su tsaya, ba don ɗayansu yana ciwo ba. Shi yasa canza suwic bai tsinana maka komai ba.

Ga yadda zaka wanke bod ɗin daga zargi. Rufe MAME, buɗe Notepad, don kwamfuta a matsayin kibod take ɗaukar I-PAC. Yanko waya kamar taƙi ɗaya ka feɗe bakinta biyu, ka ɗaure ɗaya a GND na bod, ɗaya bakin ka taɓa kan sukurun 1SW5. In bod na lafiya kuma baka taɓa canza saitinsa na asali ba harafin Z zai fito, 1SW6 kuma X. Na ɗan wasa na biyu ma sun fi sauƙin gwadawa don duk haruffa ne, 2SW1 A, 2SW2 S, 2SW3 Q, 2SW4 W, sandarsa kuma R, F, D da G. Kar ka ruɗe in 1SW4 bai rubuta komai ba, shi Shift ne, haka 1SW1 da 1SW2 Ctrl da Alt ne, basa nuna harafi. Wutar nan 5V ce bata kama mutum, kar ka ji tsoron riƙe wayar. In haruffa sun fito to an gama maganar sayen bod.

Saura nemo inda ta yanke. In kana da mitar auna wuta, zare USB ɗin gaba ɗaya, juya ta wurin da take yin ƙara in tsinkayenta biyu sun haɗu, ka dafa ɗaya a GND, ɗayan ka bi ƙafafun COM ɗaya bayan ɗaya, inda ƙarar ta ɗauke nan ne. In baka da mita, ja doguwar waya daga GND kai tsaye zuwa COM na madanni na huɗu, zaka ga duk matattun sun tashi lokaci ɗaya.

Kuma kusan kullum ba wayar ce ta tsinke a tsakiyarta ba, 'yar hular ƙarfen nan ce da ake matse wa waya a baki a zura a ƙafar suwic. A layin giraun waya biyu ne ke shiga hula ɗaya, mai shigowa da mai fita, sai ɗaya ta kamu ɗaya ta zame, ko kuma a matse a kan robar wayar maimakon jan ƙarfen ciki, daga waje ka ganta tsaf kamar lafiya lau. Kama kowace waya ka ɗan fizga, wadda ta biyo hannunka dama can bata kamu ba. Ka duba girman hular ma, ƙafar suwic irin na Happ faɗinta 4.8mm ne, ta madannan Japan irin Sanwa 2.8mm, in ka sa babbar hula a ƙaramar ƙafa tana lilo, yau tayi gobe ta ƙi, abin da masu gyara ke kira fashiyal kontak. Sannan wayar da ta dace mai silli-silli ce a ciki, lamba 22 AWG, ba mai ƙarfe ɗaya tal irin wadda ake zarowa daga kebul ɗin netwok na cikin bango ba, waccan dukan da madannai ke sha yana karya ta a wuyan hula.

In ka gyara kar ka mayar da shi yadda yake. I-PAC 2 yana da gurbin GND fiye da ɗaya, ka ba kowane ɗan wasa nasa layin daban, in ma kana so ka dawo da wutsiyar layin zuwa GND ya zama zobe, ta yadda ko ta yanke a wuri ɗaya giraun zata zagayo ta ɗaya gefen. Abokinka kuma ka gaishe min da shi, amma ranar gyara ka bashi riƙon tocila kawai.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Ni da ƙanena muka haɗa namu, komai yayi sai madanni ɗaya, da an shiga gem mutumin sai tsalle yake ba wanda ya taɓa, in na danna madannin kuma sai ya tsaya. Wallahi har dariya yake bamu amma ya hana mu wasa.

AMSA: Ƙanwata wannan gyaran ko sukundireba baya buƙata. Leƙa ƙarƙashin madannin zaki ga suwic ɗin ƙafa uku ne da shi, kuma an rubuta sunansu a jikinsa da ƙananan haruffa, COM, NO da NC. COM ita ce ta giraun, galibi ita ke can ƙasa ita kaɗai a lanƙwashe. NO a rabe take da COM sai an danna su haɗu, NC kuma a haɗe take da COM kullum sai an danna su rabu. Ke kin sa wayarki a NC, shi yasa komai ya juye. Zare ki mayar NO. A akwatin gem ba abin da ake yi da NC, ƙafa ce da zata zauna haka nan ba waya, kuma tunda kusa da juna suke mutum yana aiki a kife cikin duhun akwati dole wata rana a samu haka.

Na ƙara wa masu irin matsalar amma su in sun danna ba abin da ke canzawa, madannin a danne yake kullum. Nasu ba NC bane. Ko dai hular NO ta lanƙwashe tana taɓa ta COM, ko wani ɗan sillin waya ya tsere daga sukurun bod ya taɓa na kusa da shi, ko kuma robar madannin ce ta maƙale a ƙasa bata dawowa. Wannan na ƙarshen laifin rami ne, madannin Happ ramin 28mm yake so, na Sanwa mai 30mm shi ma nasa daidai yake so, in ramin ya matse ko fenti ya taru a bakinsa sai ya shaƙe jikin madannin, haka in an ɗaure notin ƙasa da ƙarfin tsiya. Zare suwic ɗin daga jikin madannin ka danna ɗan harshensa da yatsa, in yana ƙas-ƙas lafiya to matsalar a roba da katako take, ka sassauta noti ka goge bakin ramin.

TAMBAYA: Oga ina yini. Nawa 'yar ƙaramar kwamfutar nan ce Raspberry Pi 3 da manhajar gem ta RetroPie, enkoda Zero Delay guda biyu, madannai masu fitila goma sha shida. Naga wayoyin da suka zo da enkodan sun yi yawa sun cika akwatin, sai na yanke na yi layin giraun ɗaya kamar yadda naga ana yi, na haɗa har da na fitilun. Yanzu wasu basa yi, wasu fitilar ce ke lumshewa in an danna, ga alamar walƙiya tana fitowa a saman sikirin.

AMSA: Ɗan'uwa ka ɗauko tsarin wani bod ka ɗora wa wani. Layin giraun ɗin da nayi bayani a sama na bod ne irin I-PAC. Zero Delay, ƙaramin bod ɗin nan da kwamfuta ke gani da suna DragonRise, a yawancin waɗanda ke yawo ƙafar da madannai suka yi tarayya a kanta ba giraun bace, 5V ce. Wato shi madanni wuta yake kai wa gurbin, ba saukar da ita yake ba. Ranar da ka haɗa waccan wayar tarayyar da nagetif ɗin fitilu, ka haɗa 5V da giraun ne ko dai kai tsaye ko ta hanyar danna madanni, lumshewar fitila da walƙiyar nan duk kukan wutar da ake ja ne. Kashe shi yanzu kafin ka ci gaba da karatu.

Da yake masu buga bod ɗin nan suna da yawa kuma ba duka suke iri ɗaya ba, auna naka. Zare USB, sa mita a wurin ƙara, ka duba soket biyu na madannai wace ƙafa ce ke haɗe a tsakaninsu, ita ce ta tarayya. Sai ka jona USB ka juya mita zuwa DC, baƙin tsinke a jikin ƙarfen soket ɗin USB, jan a waccan ƙafar. In ka ga kusan 5 to ka ga abin da nake faɗa. Shawarata ka mayar da kowane madanni kan wayarsa mai baki biyu kamar yadda aka yi bod ɗin, cunkoson kuma ka ɗaure shi da abin ɗaure waya ka manna a jikin katako. Gaskiya ba kyau yake da shi ba, amma cikin akwati ne wa zai leƙa.

Fitilun kuma harkarsu daban take da suwic gaba ɗaya, ƙafafunsu biyu ne a gefe, fozitif da nagetif, su ake yi wa layinsu su kaɗai. LED gefe ɗaya take karɓar wuta, in ɗaya ta ƙi kamawa zaro ƙwan ka juya shi ka mayar kafin kace ya mutu. Ka duba jikinsa ma, akwai na 5V akwai na 12V, na 12V in ka bashi 5V haskensa kamar mai jin barci. Sai lissafi, kowace fitila tana iya jan kusan 20mA, sha shida kenan 320mA, alhali soket ɗin USB 2.0 a ƙa'ida 500mA yake bayarwa, ga Pi 3 ɗin kansa cajar 2.5A yake nema. Walƙiyar tana fitowa ne in wutar da ke isa Pi ta sauka ƙasa da kusan 4.63V, don haka ko bayan ka gyara wayarin in ta ci gaba, ka ba fitilun cajarsu daban, kuma ka raba Pi da siririn kebul mai tsawo, shi ma yana cin wuta a hanya.

Abu biyu kuma tunda enkoda biyu gareka iri ɗaya. Sunansu ɗaya a wurin RetroPie, saitin da kayi wa na farko shi zai ɗora wa na biyu, to dole madannin da ke soket na ɗaya a wannan ya zama shi ne a soket na ɗaya a wancan, har ƙarshe, in ba haka ba ɗan wasa na biyu zai danna naushi ya ga shuri. Sannan akwai soket huɗu a gefe da aka rubuta MODE, TURBO, CLR da AUTO, ba na madannan wasa bane, mutane suna cusa waya a ciki don sun ga fili. Gwaji kuma kar kayi shi cikin gem, sa kibod ka danna F4 ka fita daga EmulationStation, wato allon zaɓen gem na RetroPie, ka rubuta jstest /dev/input/js0, na biyun js1, kowane madanni ka danna zaka ga lambarsa ta koma on. Mai Windows ya rubuta joy.cpl a wurin Run, abu ɗaya ne. Abin da ya nuna a nan bai nuna a gem ba, matsalar saiti ce, ka bar wayoyi su huta.

TAMBAYA: Malam sandata in na tura sama mutumin ƙasa yake yi, hagu kuma dama. Ta lalace ne?

AMSA: Lafiyarta ƙalau. Sandar a tsakiyarta take juyawa, in ka tura kanta gaba gindinta baya yake zuwa, don haka suwic ɗin sama shi ne wanda yake ta wajen cikinka in kana tsaye gaban akwatin, na hagu kuma yana dama. Kar ka tsaya lissafi, leƙa ƙasa ka tura sandar ka ga wanda ya yi ƙas, shi zaka ba wayar. In irin Sanwa JLF ce mai soket ɗaya na waya biyar, to yadda ka juya ta wajen ɗaurawa ne ya canza, ko ka sake saitin a RetroPie ko ka juya farantin suwic ɗin.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni ban sayi enkoda ba, tsohon kibod na fasa na liƙa wayoyin madannai da dalma a jikin ɗan bod ɗinsa. Kowane madanni yana yi in shi kaɗai ne, amma in mu biyu muna Street Fighter II sai wasu su riƙa ɗaukewa, wani lokacin ma wani akwatin saƙo ya fito ya tsayar da gem ɗin.

AMSA: Sannu da ƙoƙari, liƙa dalma a waɗancan siraran layukan ba ƙaramin haƙuri bane. Amma a nan wayarin ɗinka bashi da laifi, kibod ɗin ne ba a yi shi don wannan ba. Kibod baya ba kowane maɓalli wayarsa, jere yake yi na tsaye da na kwance, maɓalli yana haɗa layi ɗaya na tsaye da ɗaya na kwance. In aka danne uku da suka zauna a kusurwa uku na murabba'i, na huɗun ma sai ya zama kamar an danna shi, don gudun haka masu ƙera kibod suka sa ya riƙa watsar da na ukun. Ga kuma yawancin kibod ɗin USB na yau da kullum maɓalli shida kawai suke iya aikawa a lokaci ɗaya, ban da su Shift da Ctrl da Alt. To lissafa, kai kana riƙe ƙasa da baya, biyu kenan, abokin wasanka yana tsalle gaba, huɗu, kowa ya danna madanni biyu da ba Shift, Ctrl ko Alt ba, an wuce shida.

Ana iya zana jeren gaba ɗaya a takarda a zaɓi maɓallan da basa karo, akwai masu yi, amma ni ban ga ribar wahalar ba tunda iyakar shida ɗin tana nan tana jiranka. Nemi enkoda na gaskiya, wayoyin da ka riga ka ja zuwa madannai duk zasu yi aiki, bakinsu kawai zaka canza.

Akwatin saƙon kuma Sticky Keys ne na Windows, yana fitowa in an danna Shift sau biyar a jere, kuma a tsarin MAME na asali Shift na hagu shi ne madanni na huɗu na ɗan wasa na ɗaya, ka ga kuwa a gem ɗin faɗa sau biyar ba komai bane. Shiga saitin kibod na Windows ka kashe gajeriyar hanyarsa. Masu I-PAC ma wannan ya shafe ku.

TAMBAYA: Assalamu alaikum ɗana. Ni dattijo ne, na samu tsohon akwatin gem na asali da wayarin ɗinsa na JAMMA, jikokina suka sa na sayi bod ɗin Pandora's Box mai gem da yawa na jona. Na ƙara madannai uku-uku. Na huɗu da na biyar sun yi, na shida kuwa gem ɗin yana ganinsa a danne kullum, na kowane ɓangare, ko da na cire wayarsa.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan da kuka ce ko an cire waya yana nan a danne shi ne ya nuna inda matsalar take, ba a madannin bane, a bakin soket ɗin JAMMA ne.

Tsarin JAMMA ƙungiyar masu ƙera injinan wasa ta Japan ce ta fitar da shi a 1985, soket mai ƙafa 56, 28 a kowace fuska, fuska ɗaya lambobi ɗaya haruffa. Madanni uku kacal ya ware wa kowane ɗan wasa, ƙafa ta 22, 23 da 24. Shi yasa da Capcom suka fito da Street Fighter II a 1991 mai madanni shida, na shuri guda ukun sai da aka ja musu wata wayar daban daga jikin bod ɗin. Su kuma bod irin Pandora's Box basu yi haka ba, sai suka tura na huɗu a ƙafa ta 25, na biyar a 26, na shida a 27. To ƙafa ta 27, da takwararta ta ɗaya fuskar mai ƙaramin harafin e, a JAMMA na asali giraun ne. Wayarin ɗin akwatinku ya ɗaure su da giraun tun ranar da aka yi shi, bod ɗin kuma yana ganin giraun a nan sai yace an danna na shida.

Gyaran, ku kashe wuta ku zare fulogi, ku nemo wayar da ta fito daga 27 da ta e, baƙaƙe ne galibi, ku raba su da sauran baƙaƙen wayoyin, in akwai dalma da ta gada 27 da 28 a bayan soket ɗin ku cire ta. Sai ta 27 ta tafi NO na madanni na shida na ɗan wasa na ɗaya, ta e ta tafi na ɗan wasa na biyu. Bayan nan ku auna da mita ku tabbatar layin COM na madannai har yanzu yana samun giraun daga 28 ko daga 1 da 2, don a wasu akwatunan daga 27 ɗin aka ɗauko shi, in kuka yanke ba ku mayar ba duk madannai zasu yi shiru.

Sai roƙo biyu Baba. Soket ɗin nan yana iya shiga a juye in ɗan makarin da ke ƙafa ta 7 ya faɗi, kuma ƙafa ta 6 tana ɗauke da 12V, in aka juya sai ta faɗa layin madannai, bod baya tsira daga wannan. Ku sa masa alama da fenti ko tef a gefen ƙafa ta 1. Na biyu, in sikirin ɗin akwatin tsohuwar talabijin ce mai ƙwalba, tana aiki da dubban bolt kuma tana iya riƙe wuta ko bayan an zare fulogi, kar hannu ya je kusa da jar wayar nan mai kauri da ke manne a bayan ƙwalbar, kuma jikoki su tsaya ta gaba lokacin da bayan akwatin ke buɗe.

TAMBAYA: Yallaɓai ni kai tsaye na jona madannai a ƙafafun GPIO, jerin tsinkayen nan da ke jikin Raspberry Pi, ba enkoda. Duk suna yi sai guda ɗaya, da na danna shi sai Pi ɗin ya mutu ya sake tashi. Akwai kuma wani da in na danna sau ɗaya sai ya yi sau biyu.

AMSA: Daina danna na farkon, kowace dannawa shot kake yi, wato kana haɗa wuta da giraun kai tsaye. Ƙafafun Pi guda 40 ɗin nan lamba iri biyu garesu, akwai lambar GPIO da manhaja ke kira, akwai lambar ƙirgen ƙafa a jikin bod, kuma basa daidaita. GPIO4 ƙafa ta 7 ce a ƙirge, ita kuma ƙafa ta 4 a ƙirge 5V ce. GPIO17 ƙafa ta 11 ce, ƙafa ta 17 a ƙirge 3.3V ce. In bayanin da ka bi yace 4 ko 17 kai kuma ka ƙirga da yatsa ka soka a nan, to madanninka wutar Pi yake haɗawa da giraun kai tsaye, dole ya faɗi. Zare wuta, bi wayar madannin ka ga inda ta sauka, in a 1, 2, 4 ko 17 take ka samu ɓarawon. Ƙafafun giraun su ne 6, 9, 14, 20, 25, 30, 34 da 39. Kuma ka riƙe cewa GPIO 3.3V yake ɗauka, 5V in ta shiga tana kashe ƙafar ko ma Pi ɗin duka, don haka wayar fitilun madannai kar ta kusanci NO.

Mai yin sau biyun kuma, ƙarfen cikin suwic in ya haɗu baya zama nan take, yana ɗan rawa na 'yan milisakan kafin ya tsaya, enkoda da manhajar GPIO suna da ɗan jinkirin da suke tace wannan da shi. In madanni ɗaya ne kawai ke yi, to ko hularsa ta saki tana karkarwa da dukan, ko suwic ɗin ya gaji. Musanya suwic ɗinsa da na madannin kwin, na saka kwabo, wanda ba a cika dannawa ba, ƙugiya biyu ce ta roba ke riƙe da shi zaka zare da hannu. In matsalar ta bi suwic ɗin zuwa can, jefar da shi ka sa sabo. In ta tsaya a inda take, matse hular da filaya, ka kuma janye wayar daga kusa da kebul ɗin wutar sikirin da na lasifika, doguwar waya a GPIO tana ɗaukar hayaniyarsu.